Ranar da Aka Ƙirga 'Ya'yana

Duk wanda ya san bakin tashar jirgin ruwa ta Garuwa a zamanin Shugaba Ahijo ya san Rahamatu mai soya kifi, kuma ya san ba a taka ni a kwana lafiya. Ni ce na taɓa bin jandarma da matsami a hannu don ya zubar mini da yaji. 'Yan dako cewa suke yi bakina ya fi man kaskona zafi. To, bakin nan da nake taƙama da shi, ranar da gidana ya rataya a kansa, ranar ya ƙi buɗuwa. Ku saurara da kyau, don ba labarin da nake son maimaitawa ba ne.

Mijina baƙo ne, mutumin Ibi ta ƙasar Najeriya. Sunansa kada ku tambaye ni, sunan Annabin nan ne mai haƙuri da ciwo, ni dai Baban Jafaru nake ce masa. A jirgin kamfani ya zo, irin manyan nan da ke hawo Binuwai da damina su kwashi auduga da gyaɗa, shi ne mai zuba wa inji mai. Kwana tara ana lodi, kwana tara yana cin kifina. Ranar tashi sai ya ce wai zazzaɓi ya kayar da shi. Zazzaɓi, in ji shi! Jirgi na shan kwana sai ga mutum garau yana tambayar hanyar gidan babana.

A zauren babana aka ɗaura aure, a garinmu Pitowa, kusa da Garuwa. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, shaidu sun fi ashirin. Meri kuwa, wato ofishin da ake rubuta aure da haihuwa, ko hanyar wurin ba mu bi ba. Wa ya damu da wannan a lokacin? Mutum ya yi sallar asuba a Garuwa ya kwana a Yola, babu mai ce masa daga ina. Muka dawo Garuwa da zama, ya koma gyaran keken ɗinki, shekara goma, har Fulatanci ya fi ni iyawa.

'Ya'yanmu uku: Ummuhani, sai Jafaru, sai Dudu tana goye. Ku da kuka san al'adarmu kun san yadda ake yi da ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ki 'ya'yanki nawa, tsallake shi kike yi. Kunya ce, kuma a wurinmu ita ce mutuncin mace. A ɗakin uwata na haifi Ummuhani, ba asibiti ba takarda, da aka yaye ta kuma uwata ta riƙe abarta. Kowa Mama yake ce wa uwata, sai yarinya ta taso tana cewa Mama, ni kuma tana ce mini Yaya. Bayan rasuwar babana suka dawo Garuwa, gida biyu ne tsakaninmu. Kullum sai na tsame tsokar tsakiya ta giwan ruwa na miƙa wa Mama, na ce ta ci, ita ma ta san ba dominta na bayar ba. Wallahi ina son yarinyar nan har cikin ƙashina, amma ko kitso ban taɓa yi mata ba.

Ubanta kuwa ko a jikinsa. Mutumin ruwa, ina ya san wata kunyar ɗan fari? A tsakiyar titi zai ƙwala mata kira, "Ummuhanina!" ya ɗora ta a wuya ya zaga kasuwa da ita, tsofaffi suna riƙe baki. In na yi masa faɗa sai ya yi dariya ya ce, "Ke ki yi ta kunyarki, ni na ga abata ina so."

Shekara ta biyu da fara yaƙin Najeriya, damina ta sauka, kogi ya cika har ya taɓo gindin itatuwan tasha, amma jirgi ko ɗaya bai zo ba. 'Yan dako suka zauna suna kallon ruwa. Sai wasu motoci masu rufin tamfol suka fara yawo a gari, ba sa sauri, ba sa danna ƙaho. Aka yi shela cewa kowane baƙo sai ya mallaki takardar zama, wanda ba shi da ita za a kai shi bakin iyaka a ajiye. Garuwa garin Shugaba ne, ba a tambayar dalili.

Akwai wani mai gyaran agogo kusa da rumfata, shi ma daga ƙetare yake. Wata Talata ya tashi zai yi alwala, mota ta tsaya, aka yafito shi da hannu. Butarsa ta kwana inda ya ajiye ta. Agogunan mutane suka yi ta tafiya a kan teburinsa har suka tsaya don kansu, kuma cikin masu su babu wanda ya zo nema. Ni da ba na iya yin shiru, ranar na yi shiru. Ba a yi mako biyu ba mai unguwa ya aiko mana da takardar sammaci: ni da Baban Jafaru, ranar Litinin, ofishin takardun baƙi.

Ina da wata mai sayen kifi, Lucienne, Kirista ce 'yar duwatsun arewa, ta yi makarantar mishan. Ita ke buga tafireta a wannan ofishi, ita ce kuma tafinta, domin ta iya Hausar kasuwa. Na nuna mata takardar a bayan rumfa. Ta karanta, ta duba hagu da dama, ta ce, "Wanda ya auri 'yar ƙasa ana iya barinsa, in an tabbatar auren gaske ne. Amma yanzu wasu baƙi suna hayar mata su zo su ce matansu ne. Don haka raba ku za a yi, a tambaye shi, a tambaye ki. Abin da ya faɗa shi za ki faɗa. In baki ya saɓa, shi ke nan."

Muka zauna ni da shi a tsakar gida muna bita kamar 'yan makaranta. Wace shekara aka ɗaura aure, wane limami, ɗaki nawa ne a gidan, wace miya ya fi so, tabon ƙuna a wace ƙafa yake. Har launin ƙofa muka daidaita. Yana ta tsokanata wai in an tambaye shi halin matarsa zai ce salihar baiwar Allah ce, sai a kama shi da laifin ƙarya. Abu biyu ne kawai ba mu taɓa ba, don ko a mafarki ba mu zaci za a tambayi mace su ba.

Litinin aka fara shiga da shi ta wata ƙofa, ni aka zaunar da ni a benci. Sai da rana ta take aka kira ni. Ɗaki ne mai sanyi, fanka tana juyawa a hankali, hoton Shugaba a bango, Lucienne a gefe da tafiretarta, ta yi kamar ba ta taɓa ganina ba. A bakin ƙofa jandarma biyu, ɗaya dattijon Bafillace ne sa'ar babana. Mai tambayar kuwa Misiye Eugène, wato Malam Eugène da Faransanci, mutumin kudu, siriri, farar riga tas, fensir a hannu. Da ma tsawa ya daka mini, da na san yadda zan yi da shi. Ina! Miƙewa ya yi ya ba ni kujera, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida majinyaci.

Shekarar aure, na faɗa. Limami, na faɗa. Miya, tabo, ƙofa, duk na zuba masa, har na fara jin daɗin kaina. Sai ya yi wata magana gajeriya.

Lucienne ta ce, "Yana tambayar sunan mijinki."

Na ce, "Baban Jafaru."

"Ya ce sunansa na yanka yake so."

Shekara goma ban taɓa furta sunan nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. In mai irin sunan ya zo sayen kifi, Mai Sunan Maigida nake ce masa. Yanzu in faɗa a gaban maza uku, har da sa'ar ubana? Na ce, "Ki gaya masa sunan Annabin nan ne mai haƙuri. Ai ga shi nan a rubuce a gabansa."

Lucienne ta fara yi masa bayani da Faransanci da sauri-sauri. Fensir kawai ya ɗaga, ta yi shiru. Ta juyo ba ta kalle ni ba, ta ce, "Daga bakinki yake so ya ji."

Na buɗe baki, Allah shi ne shaida na buɗe. Sunan ya zo har kan harshena. Sai dattijon nan ya yi gyaran murya ya kawar da kai, wai don ya rage mini nauyi, kuma wannan kawar da kan ne ya ƙarasa ni. Na sunkuya ina murza bakin gyalena. Misiye ya jira, ya jira, ban san iya tsawon lokacin ba, ni dai ƙarar fanka nake ji. Daga nan ya rubuta wani ɗan abu a gefen takarda.

"'Ya'yanki nawa?"

"Biyu."

Ban yi tunani ba. Shekara tara haka nake amsawa, a gidan biki, a gidan suna, a bakin rijiya, kafin in ankara ya fita. Tafireta ta tsaya. Lucienne ta ɗago ta dube ni cikin ido, ta sake tambaya tana jan maganar: "Rahamatu, 'ya'yan da kika haifa da cikinki, su nawa ne?" Ni kuwa sakarya, sai na ɗauka so take ta kunyata ni a gaban maza, har da harararta. Na ce, "Jafaru da Dudu. Ga takardunsu na asibiti."

Aka shafa mini tawada a babban yatsa, aka danna a ƙasan takarda. Misiye ya yi mini godiya, har bakin ƙofa ya rako ni. Na koma benci ina jiran mijina. Aka kira la'asar, ma'aikata suka fara fita ɗaya-ɗaya, ƙofar da ya shiga ba ta buɗe ba. Can dattijon jandarman ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri, ya ce mini da Fulatanci in je gida in kawo masa tuwo da tabarma.

Washegari na hura wuta don dole, yara za su ci. Sai ga Lucienne. Ta tsuguna tana juya kifi a tire kamar mai zaɓe, bakinta da ƙyar yake motsi.

"Ranar wanka ake ɓoyon cibi, Rahamatu? Shi ya ce uku, ke kin ce biyu. Sunansa ma kin kasa faɗa. Misiye ya rubuta auren haya ne. Asabar mota za ta ɗauke shi."

Na ce, "Auren haya da 'ya'ya a tsakani?"

"Takardun asibiti sunanki kaɗai ke ciki. Gurbin uba babu komai, tunda ba ku je meri ba. Su biyun naki ne, 'yan ƙasa ne, babu mai taɓa su." Ta ajiye kifin da ke hannunta. "Ta ukun ce. Shi ya ce 'yarsa ce. Ke kin sa yatsa a kan ba ki haife ta ba. Ita kuma ba ta da takarda. A wurin Misiye 'yar baƙo ce da ya shigo da ita daga can. An rubuta sunanta a ƙarƙashin nasa, mota ɗaya za su shiga."

Kifin da ke kasko ya ƙone ƙurmus ina kallonsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, ko ranar naƙudar fari.

Da Dudu a baya na ruga ofishin, ko takalmi ban tsaya nema ba. Na ture jandarman ƙofa na faɗa ɗakin. Na faɗi sunan mijina, sau uku na faɗa da ƙarfi, na haɗa da na ubansa da na kakansa. Na ce 'ya'yana uku ne, ta farin Ummuhani, na haife ta ranar Laraba a ɗakin uwata, in suna so su zo su ga inda aka binne cibiyarta. Misiye Eugène bai katse ni ba. Sai da na gama ya sa aka kawo mini ruwa a kofin gilashi, sannan ya yi magana, Lucienne tana juyawa da murya kamar ba tata ba.

"Ya ce kwana ɗaya ya isa a koya wa mace suna. Ya ce magana biyu ba sa zama a kan yatsa ɗaya. In ta yau ce gaskiya, to ta jiya ƙarya ce kika yi wa gwamnati, a lokacin da ake yaƙi a maƙwabta. Ya ce in kina so ya rubuta ta yau zai rubuta, amma ba za ki koma gida ba, kuma mota ba za ta fasa tashi da su ba. Ya ce ki tuna da mai shan nonon da ke bayanki."

Kowa a Garuwa ya san akwai inda ake kai masu yi wa gwamnati ƙarya, kuma can ba a kai wa mutum tuwo. Na ajiye kofin ban sha ba, na fito.

Na bi shaidun aurena gida-gida har Pitowa. Liman ya rasu tuntuni. Wannan ya tafi duba shanu, wancan matarsa ta leƙo ta ce ba ya jin daɗi, alhali ga takalmansa da na baƙinsa a ƙofar zaure. Mutanen da suka cika aljihu da goron aurena! Mai unguwa, wanda mijina ya gyara wa matarsa keke sau ba adadi, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Rahamatu, sai haƙuri. Baƙo raɓa ne." Na so in gaya masa abin da shi yake, amma akwai wani zaune a gefensa da ban san fuskarsa ba, sai na haɗiye.

Ran Alhamis aka aiko cewa a kawo yarinya Asabar da safe da ƙunshin kayanta. Mama ta ce za ta gudu da ita ƙauye. Lucienne, da ta biyo ta gidan Mama a kan hanyarta ta tashi daga aiki, ta ce in aka yi haka Mama za a kama, yarinya kuma a nemo ta. Ta ce hanya ɗaya ta rage.

"Shi tafiya zai yi, ko ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya, ba shi da abin asara. In ya ce 'yar surukarsa ce, ya ƙirga ta ne don shi ke ciyar da ita, Mama kuma ta ce autarta ce, to takardarki ta zama gaskiya, yarinya ta zama 'yar ƙasa. Amma a gaban Misiye zai faɗa, ita ma tana tsaye. Kuma kada ku gaya mata komai. In ta san shiri ne, fuskarta za ta nuna, mutumin nan ba ya kuskure fuska."

Ni aka bar wa kai saƙon. Ran Juma'a na miƙa masa kwanon tuwo ta tagar ƙarfe, na faɗa masa cikin raɗa. Ya rame cikin kwana huɗu, gemu ya fito masa fari-fari. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya riƙe ƙarfen taga, ya ce, "Ke kin saba, Rahamatu. Ni ban taɓa ba."

Na ce, "To ka tafi da ita, in kana da inda za ka kai ta."

Ya girgiza kai. Uwarsa ta rasu, gidansu na Ibi ya zama na wasu. Waɗanda ke tsare tare da shi suna cewa a ƙetaren iyaka duk namiji mai ƙarfi ba ya kwana uku bai ga kansa cikin kaki ba. Gaskiya ne ko ƙarya, babu wanda ya dawo ya faɗa. Ya ce, "In aka ɗauke ni, a hannun wa zan bar ta?" Ya turo mini kwanon yadda na kawo shi.

Asabar gari ya waye da hadari, baƙi ƙirin daga gabas, ba iska ba ruwa. A filin bayan ofishin motar tamfol tana tsaye, inji yana aiki. Maza wajen talatin a layi, kowa da ɗan ƙunshinsa. An fito da tebur, Misiye Eugène yana zaune da jerin sunaye, Lucienne a tsaye a gefensa. Mama ta sa wa Ummuhani kayanta na Sallah. Yarinyar murna take yi, jama'a, murna! Ta ji an ce tafiya za ta yi da Baba a mota, tun asuba take tambaya ko za su ga babban jirgin da ya zo a ciki. Tana hango shi ta ƙwace daga hannun Mama, ta ruga ta cafke gefen rigarsa.

Aka kira sunansa, aka kira nata. Ya matso gaban tebur tana maƙale da shi. Ya ce yana da magana.

"Yarinyar nan ba 'yata ba ce."

Muryarsa ba ta fita sosai ba, ƙarar mota ta danne ta. Misiye ya karkata kunne, ya yi alama a sake. Sai da ya sake, da ƙarfi, duk layin suna ji. "Ba 'yata ba ce. 'Yar surukata ce. Ni ke ciyar da ita, shi ya sa na ƙirga ta."

Ummuhani ta ɗaga kai tana kallonsa da sauran murmushi a bakinta, tana jiran ƙarshen wasan, don ta san shi da tsokana. Mama ta matso ta ce autarta ce, ta haife ta a Pitowa. Misiye ya ajiye fensir, ya kira yarinyar da yatsa. Ya nuna Mama.

Lucienne ta ce, "Wace ce wannan?"

"Mama ce."

Ya nuna ni.

"Yaya ce."

Ya nuna mijina.

"Babana ne."

Mijina ya ce, "Haka take ce wa kowane babba." Bai dube ta ba. Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tura ta wajen Mama, ya juya mata baya.

Misiye Eugène ya daɗe yana kallon yarinyar. Ya kalli goshinta, ya kalli na mijina, wanda ko makaho ya shafa ya san jini ɗaya ne. Ya kalli Lucienne, ita kuma ta kafe ido a kan takarda. Na tabbata ya gane. Ya ɗauki fensir ya ja layi a kan sunanta, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba, Lucienne tana juya mana.

"Ya ce jandarma zai raka ku meri yanzu, a rubuta ta a sunan tsohuwar. Ya ce takardar sunayen nan ba zai yar da ita ba, a aljihun tebur za ta zauna. Duk ranar da ya ji wata magana dabam, daga bakin kowa, ko a kasuwa ko a cikin gida, zai fito da ita, kuma ba yarinyar kaɗai za a zo ɗauka ba."

Aka fara hawa mota. Mijina ya hau bai waiwayo ba, ya shige can ciki inda duhu yake, aka saki tamfol. Motar ta fita a hankali ta bi hanyar yamma. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ba dattijon aka haɗa mu da shi ba, wani saurayin jandarma ne mai jin Hausa kamar jakin Kano. Muka kama hanyar meri, Mama a gaba, shi a bayanmu taku biyu, ina jin ƙarar takalminsa. Yayyafi ya fara sauka. Ummuhani ba ta yi kuka ba, ƙunshin kayanta yana kanta har yanzu. Sai na ji an kama gefen zanena. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa riƙe ni a kan titi ba.

"Yaya," ta ce, "da gaske Baba yake?"

A wannan lokacin babu sauran kunya ko ɗigo a jikina. So nake in durƙusa a cikin taɓon nan in rungume ta, in ce mata ƙarya ne, ubanki ne, ni kuma ni na haife ki. Takalmin da ke bayanmu ya rage sauri.

Na ce, "Da gaske yake. Ɗaga ƙafa, kada a rufe ofis."

Ta saki zanena, ta wuce gaba ta kama na Mama.